Baƙo raɓa ne: Abin da masu aikin sa-kai suka tarar a gidajen marayun ƙasar Sin

A ranar 28 ga Janairun 2014, ana saura kwana uku sabuwar shekarar gargajiya ta Sinawa, hukumomi suka buɗe wani ɗan ƙaramin ɗaki a bakin ƙofar gidan marayu na Guangzhou, birnin nan da 'yan kasuwar Kano da na sauran biranen Afirka ke zuwa sarin kaya.

A cikin ɗakin akwai gadon jariri da kwalbar ɗumama jarirai da kuma ƙararrawa. Wanda ya kawo jariri zai kwantar da shi, ya danna ƙararrawar, ya kama gabansa. Ba ta yin ƙara sai bayan 'yan mintuna, domin mai kawowa ya samu ya sulale ba tare da an gan shi ba.

Kafin tsakiyar watan Maris, an ajiye yara 262 a ɗakin. Gidan marayun ya cika ya batse, dole aka dakatar da shirin.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne bayanin da jami'an gidan suka yi: dukkan yaran suna ɗauke da wata lalura. Wasu an haife su da ciwon zuciya, wasu da lalurar ƙwaƙwalwa mai hana sarrafa gaɓɓai, wasu kuma da lalurar da ake kira Down. Maza ma sun fi mata yawa a cikinsu.

Irin waɗannan yara ne masu aikin sa-kai daga Amurka da Birtaniya da Ostireliya da wasu ƙasashe suka shafe kusan shekara 30 suna zuwa Sin dominsu. Wasu sun yi mako biyu suka koma gida da hotuna. Wasu sun sayar da gidajensu suka tare a can. Tarihin zuwansu ya bar tambayar da har yau ake tafka muhawara a kanta: wane irin taimako ne yake zama da yaro bayan baƙo ya tafi?

Marayun da iyayensu ke raye

Yawancin yaran da ke gidajen marayun Sin ba marayu ba ne irin yadda Bahaushe ya san maraya. Iyayen da dama suna raye, sai dai ba a san su ba. An tsinci yaran ne a ƙofar asibiti ko tashar jirgin ƙasa ko bakin kasuwa, wani lokaci da 'yar takarda mai ɗauke da ranar haihuwa.

A shekarun 1980 da 1990, lokacin da dokar haihuwar ɗa ɗaya ke kan ganiyarta, 'ya'ya mata masu ƙoshin lafiya ne suka cika waɗannan gidaje. A al'adar karkara, ɗa namiji ne ke riƙe sunan gida, shi ne kuma mai kula da iyaye idan sun tsufa. Iyalin da aka ƙayyade wa haihuwa suna ganin ba su da zaɓi.

An kawo ƙarshen dokar a farkon 2016, kuma tun kafin nan fuskar gidajen ta sauya. A 2021, ma'aikatar kula da harkokin jama'a ta ƙasar ta ce adadin marayu ya ragu daga 570,000 a 2012 zuwa 190,000. Kusan 59,000 daga cikinsu ne ke zaune a gidajen gwamnati, kuma kashi 98 cikin 100 na waɗannan suna da tsananin ciwo ko nakasa.

Talauci da tsadar magani na kan gaba a dalilan. Aikin zuciya guda ɗaya yana iya cinye abin da manomi ya tara na shekaru. Tun 2004 kuwa gwamnati ke da wani shiri mai suna "Shirin Gobe", wanda ke biyan kuɗin tiyatar yaran da ke gidajen marayu. Wasu iyayen sun yi lissafin cewa ɗansu zai fi samun magani a hannun hukuma fiye da a hannunsu.

Akwai kuma kallon da al'umma ke yi wa nakasa. Tsohuwar kalmar Sinanci ta nakasasshe, "canfei", tana haɗe da ma'anar rashin amfani. An sauya ta da "canji", mai nufin nakasa ko lalura kawai. Cikin waɗanda suka yi fafutukar sauya wannan tunani akwai Deng Pufang, ɗan tsohon jagoran ƙasar Deng Xiaoping, wanda ƙafafunsa suka shanye a 1968 lokacin rikicin juyin juya halin al'adu. Shi ya kafa ƙungiyar nakasassu ta ƙasa a 1988.

Yadda baƙi suka shigo

Sinawa ba daga baƙi suka koyi riƙon yaran tsintuwa ba. Tun zamanin daular Song akwai gidajen da hukuma ta keɓe domin jariran da aka yasar.

Shigowar baƙi cikin lamarin ma ba kullum take ƙarewa da daɗi ba. A 1870, jita-jita ta bazu a birnin Tianjin cewa matan cocin Katolika 'yan Faransa da ke riƙe da wani gidan marayu suna sace yara. Tarzoma ta ɓarke, aka kashe goma daga cikin matan da jakadan Faransa a birnin da wasu mutane da dama.

Akwai kuma labarin da ya ja hankalin Turawa da yawa zuwa Sin: na Gladys Aylward, wata 'yar aikin gida daga Landan, wadda a 1940 ta ja yara kusan 100 a ƙafa, suka tsallake duwatsun lardin Shanxi suna gudun sojojin Japan. An yi fim a kan rayuwarta a 1958.

Zuwan masu aikin sa-kai na wannan zamani ya faro ne bayan 1992, shekarar da Sin ta ba baƙi damar ɗaukar yaranta riƙo na dindindin. Iyayen riƙon da suka je ɗauko yaro guda sun ga ɗakuna cike da gadaje, suka koma gida zuciyarsu ba ta kwanta ba.

A 1995 tashar Channel 4 ta Birtaniya ta nuna wani shiri mai suna The Dying Rooms, wanda aka ɗauka a ɓoye a wasu gidajen marayu, inda aka ga yara ɗaure a kujeru, wasu kuma an bar su cikin mawuyacin hali. Gwamnatin Sin ta musanta, ta kuma ji haushi ƙwarai. Darasin da ƙungiyoyin da suka biyo baya suka ɗauka shi ne, wanda ya kunyata hukuma a bainar jama'a ba zai sake taka ƙofar gidan marayu ba.

Matar da ta ɗauki kakanni aiki

Jenny Bowen, mai rubuta fina-finai a Kalifoniya, ta ɗauko wata yarinya daga gidan marayu a Guangzhou a 1997, ta sa mata suna Maya. Yarinyar ba ta magana, ba ta kallon idon mutum, ba ta san a rungume ta ba. Bayan shekara guda a cikin iyali, sai ga ta tana wasa da dariya kamar kowane yaro.

Wannan sauyi ne ya sa Bowen ta kafa ƙungiyar Half the Sky a 1998, wadda daga baya ta koma OneSky. A shekarar 2000 aka ba ta damar gwaji a gidajen marayu biyu, ɗaya a Hefei, ɗaya a Changzhou.

Dabarar da ta ɓullo da ita mai sauƙi ce. Baƙin da suka zo daga waje aikinsu fenti da haɗa kayan wasa da gyara ɗakuna, su gama cikin 'yan kwanaki su tafi. Rainon yara kuwa sai aka ɗauki matan gari, da yawansu waɗanda suka yi ritaya ko suka rasa aikin masana'anta, aka horar da su, aka ba kowacce yara ƙalilan waɗanda za su zama nata kullum. Ita za ta yi musu magana, ta yi musu waƙa, ta riƙa rubuta ranar da suka fara zama da ranar da suka fara tafiya.

Wata ƙungiyar Sinawa mai suna Amity, da ke Nanjing, ta riga ta fara irin wannan tun farkon shekarun 1990, inda take tura tsofaffin ma'aikatan jinya da malamai su zama kakanni ga marayu.

A 2011 gwamnati ta haɗa hannu da ƙungiyar Bowen domin horar da ma'aikatan gidajen marayu a faɗin ƙasar. A 2012 kuma aka kafa wata gidauniya ta Sinawa zalla mai suna Chunhui a Beijing, wadda ta riƙa karɓar aikin sannu a hankali.

Tsakanin baƙuwa da "ayi"

Kalmar da mai aikin sa-kai ke fara koya a gidan marayu ita ce "ayi". Asalin ma'anarta 'yar'uwar uwa, wato inna, amma ana kiran duk wata mai raino da ita. Ayi ce ke wanka da ciyarwa da sauya kunzugu, ita ke kwana da yaron da zazzaɓi ya hana barci. Yawancinsu matan karkara ne ko na ƙananan unguwanni, albashinsu kaɗan, aikinsu kuma ba ya ƙarewa.

Yinin mai aikin sa-kai bai wuce taya su ba. Ciyar da jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe da ganɗa yana buƙatar kwalba ta musamman da haƙuri, domin ba ya iya tsotso. Yaron da gaɓɓansa suka sanƙare yana iya ɗaukar sama da rabin awa kafin ya gama ƙaramin kwano na faten shinkafa, kuma idan ba a zaunar da shi daidai ba abincin yana iya bi ta hanyar numfashi.

A nan ne al'adu ke karo. Ayi tana naɗe yaro da riguna uku ko huɗu, domin a tunanin gargajiya na Sinawa sanyi ne mafarin cututtuka da yawa. Baƙuwa tana ganin yaron na gumi, ta tuɓe masa. Baƙuwa ta miƙa ruwan sanyi, ayi ta karɓe ta kawo mai ɗumi. Baƙuwa tana so a shimfiɗa yaro a ƙasa ya yi rarrafe don ƙarfin jikinsa, ayi tana ganin ƙasa wurin datti ne da sanyi.

Leslie Wang, masaniyar zamantakewa Ba'amurkiya 'yar asalin Sin, ta yi aikin sa-kai a irin waɗannan gidaje, ta kuma wallafa littafi mai suna Outsourced Children a 2016. Ta nuna yadda baƙi masu hali suka fi mayar da hankali kan runguma da wasa da yaro, yayin da masu rainon da aiki ya yi wa yawa suke auna kulawa da ƙoshi da tsafta da ɗumin jiki. Kowane ɓangare yana ganin ɗayan bai san raino ba.

Ayi tana da nata hujjar. Jaririn da ya saba da hannu na awa uku zai yi ta kuka bayan baƙuwa ta tafi, ita kuma tana da wasu goma da ke jiran ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga kuma abin da Sinawa ke kira "mianzi", wato fuska ko mutunci. Gyara wa mai raino kuskure a gaban abokan aikinta, ko yi wa daraktan gida ƙorafi a gaban baƙi, yana iya rushe amanar da aka yi shekaru ana ginawa. Baƙin da suka daɗe sun koyi cewa shawara tana shiga ne a kan teburin cin abinci, bayan an sha shayi an saba.

Hatta sunayen yaran suna da tarihi. A da, gidaje da yawa suna ba yaran tsintuwa sunan dangi irin su Dang, wato jam'iyya, ko Guo, wato ƙasa, ko Fu, daga kalmar jin ƙai. Duk inda yaro ya faɗi sunansa an gane asalinsa. Daga baya hukuma ta hana hakan, ta ce a riƙa ba su sunayen da kowa ke amfani da su.

Ranar bankwana

Masu aikin sa-kai sukan ba da labarin yadda yara ke rugowa su rungume su tun ranar farko. Suna ɗaukar hakan alamar ƙauna. Masana tarbiyyar yara kuwa suna ganin alamar rauni ce: yaron da yake da wanda ya dogara da shi yakan yi ƙiwa idan ya ga baƙuwar fuska. Wanda ke manne wa kowa, sau da yawa bai da nasa ne.

Binciken da ya fi fito da wannan fili an yi shi ne a Bukares, babban birnin Romaniya, daga shekarar 2000. Masu binciken sun bi diddigin yara 136 da ke gidajen marayu, aka mayar da rabinsu hannun iyalai, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda suka koma cikin iyali sun fi ci gaba a fahimta da shaƙuwa, musamman waɗanda aka mayar kafin su cika shekara biyu.

Yaron da aka yasar sau ɗaya, idan ya shaƙu da baƙuwa ta mako biyu, tafiyarta rabuwa ce ta biyu. Idan wata ta zo bayanta ta tafi, ta uku ke nan.

Wannan ne ya sa ƙungiyoyi irin su Lumos, wadda marubuciya J.K. Rowling ta kafa, suke kira da a daina yawon buɗe ido a gidajen marayu. A 2018 Ostireliya ta sanya safarar yara zuwa gidajen marayu domin jawo kuɗin baƙi a cikin nau'o'in bautar zamani. Lamarin Sin ya ɗan bambanta da na ƙasashe irin su Kambodiya da Nepal, domin mafi yawan gidajen na gwamnati ne, amma raunin rabuwa ɗaya ne a ko'ina.

Waɗanda suka zauna

Baƙin da aikinsu ya bar alama su ne waɗanda suka zo da sana'a a hannu, suka kuma daɗe.

Lyn Gould ma'aikaciyar jinya ce 'yar Birtaniya, wadda fim ɗin Gladys Aylward ya sa mata son Sin tun tana yarinya. A 2010 ita da mijinta Alan suka buɗe gidan Butterfly a cikin harabar gidan jin ƙai na gwamnati a Changsha, lardin Hunan, domin jinyar yaran da likitoci suka cire rai da su. Manufar ita ce kada yaro ya mutu cikin ciwo ko shi kaɗai. Abin mamaki, wasu daga cikin yaran sun farfaɗo da suka samu magani da abinci da mai riƙe su, har aka yi musu tiyata suka samu iyalai.

Wasu ma'aurata 'yan Faransa, Guillaume da Delphine Gauvain, sun kafa Bethel a 2003 a kusa da Beijing domin marayu makafi, inda ake koya musu tafiya da sanda da karatun makafi da kula da kansu.

Robert Glover, ma'aikacin jin daɗin jama'a daga Ingila, ya tare a Shanghai da iyalinsa a 1998. Ƙungiyarsa ta Care for Children ba ta gina gidan marayu ko ɗaya ba. Aikinta horar da jami'an gwamnati yadda za su fitar da yara daga gidajen su sanya su a hannun iyalan Sinawa, su kuma riƙa bibiyarsu.

Ko wannan ma yana da tushe a ƙasar. A kusa da Datong, lardin Shanxi, akwai ƙauyen da ake wa laƙabi da ƙauyen masu shayarwa, inda tun shekarun 1960 matan manoma suka raini yaran tsintuwa sama da 1,000, da yawansu masu nakasa, a kan ɗan abin da hukuma ke ba su.

Ƙofa ta tsuke

A Janairun 2013 gobara ta tashi a gidan wata mata mai suna Yuan Lihai a gundumar Lankao, lardin Henan, wadda ta shafe shekaru tana tsintar yaran da aka yasar tana riƙewa ba tare da rajista ba. Mutum bakwai suka mutu, kusan dukkansu ƙananan yara. Bayan nan gwamnati ta tsaurara sa ido a kan duk masu riƙon yara a wajen tsarinta.

A ranar 1 ga Janairun 2017 wata sabuwar doka ta fara aiki, wadda ta wajabta wa ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje yin rajista a hannun 'yan sanda, tare da samun wata hukumar Sin da za ta tsaya musu. Ƙananan gidajen raino da baƙi ke gudanarwa da dama sun rufe a shekarun da suka biyo baya, aka mayar da yaran gidajen gwamnati. Annobar korona ta 2020 ta ƙarasa rufe ƙofar ga masu ziyara.

Sai kuma a Satumban 2024 mai magana da yawun ma'aikatar harkokin waje, Mao Ning, ta tabbatar da cewa Sin ta daina ba baƙi yaranta riƙo, in ban da dangi na jini ko 'ya'yan miji ko na mata. A tsawon shekara 32 an fitar da yara sama da 160,000, fiye da 82,000 daga cikinsu zuwa Amurka.

Wasu sun yi maraba da matakin. Suna tuna badaƙalar 2005 a lardin Hunan, inda aka gano wasu gidajen marayu suna sayen jarirai, a lokacin da kowane iyalin waje ke biyan gudummawar dala 3,000. Da yawa daga yaran da aka fitar sun girma, wasunsu suna neman iyayensu na asali ta hanyar gwajin ƙwayoyin halitta.

Wasu kuma suna fargaba. A shekarun ƙarshe, kusan duk yaran da baƙi ke ɗauka masu lalura ne, irin waɗanda iyalan cikin gida ba su cika nema ba. Wanda bai samu iyali ba kuma ba zai iya riƙe kansa ba, idan ya girma akan mayar da shi gidan jin ƙai na manya.

Ga mai niyyar zuwa

A yau babu gidan marayun gwamnati da baƙo zai ƙwanƙwasa ƙofarsa kawai a ce masa bismillah. Ana bi ne ta hannun ƙungiya mai rajista, da takardar gayyata da bizar da ta dace. Ɗaliban ƙasashen waje da ke karatun likitanci ko jinya a jami'o'in Sin, ciki har da 'yan Afirka, hanyarsu ita ce ofishin kula da ɗaliban waje na makarantarsu.

Ƙungiyar kirki za ta nemi shaidar cewa mutum ba shi da tarihin aikata laifi, za ta hana yaɗa hotunan yara a Facebook ko TikTok, ba za ta bar baƙo shi kaɗai da yaro ba. Dokar ƙasar kuma ta haramta wa baƙi yin wa'azin addini ga 'yan ƙasa.

Abin da aka fi buƙata shi ne ƙwarewa da za a bar wa wasu: mai gashin ƙashi da zai nuna wa ayi yadda ake miƙar da gaɓɓan yaro, mai koyar da magana, malamin makafi ko kurame, ma'aikaciyar jinya da ta san rage raɗaɗi. Wanda ba shi da ko ɗaya, kuɗin tikitin jirginsa yana iya biyan albashin mai raino na watanni, ko ya taimaki iyayen da ke gab da ajiye ɗansu saboda kuɗin tiyata.

Jariran da aka ajiye a wancan ɗaki na Guangzhou a 2014, waɗanda suka rayu a cikinsu sun haura shekara goma yanzu. Wanda ya samu iyali ya samu. Wanda bai samu ba yana nan a gidan, kuma fuskar da yake gani kowace safiya, mai kawo masa faten shinkafa da ruwan ɗumi, ta ayi ce.